Sulhu da 'yan bindiga ko a ci gaba da wuta, wanne ne zai tsare talaka?

Abu_Hanan:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah ina da tambaya kuma da gaske nake, ba siyasa na zo yi ba, wanda zai shigo mana da maganar jam'iyya ya yi haƙuri ya wuce. Wai ita gwamnati wace hanya ta kama ne a harkar tsaron nan, sulhu ne ko yaƙi? Ni dai abin ya ɗaure min kai, yau kaji gwamna ya zauna da 'yan bindiga an yi musabaha an ɗauki hoto, gobe kaji na jihar da ke maƙwabtaka da shi ya rantse ba shi ba sulhu, ita kuma gwamnatin tarayya tun Janairun 2022 ta ayyana su a matsayin 'yan ta'adda a hukumance, toh ta yaya mutum ɗaya zai zama ɗan ta'adda a wannan jihar sannan ya ratsa daji ya zama abokin tattaunawa a waccan? Kuma sashe na 14 na tsarin mulkin 1999 ƙarara ya faɗa cewa tsaron jama'a da walwalarsu su ne babban dalilin kafa gwamnati tun farko.

Abin da nake so masu sani su faɗa min shi ne, a sauran ƙasashen duniya da suka taɓa shiga irin wannan hali wace hanya ce ta fisshe su? Akwai inda sulhu ya riƙe? Akwai inda ƙarfin soja kaɗai ya gama aikin? In akwai me suka yi da mu bamu yi ba? Wallahi mutum sai ya kwanta ya kasa barci in ya tuna akwai manomin da sai ya biya ɗan bindiga haraji kafin ya shiga gonarsa ta gado.

Garkuwa_01:

Wa alaikumus salam. Ɗan uwa ni amsata gajeriya ce, ba a sulhu da wanda ya ɗanɗana kuɗin fansa. An gwada ai, ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Gwamna Masari ya yi a Katsina a 2016 ya sake a 2019, da bakinsa daga baya ya fito ya ce sun ci amana ba zai ƙara ba. Gwamna Matawalle ma ya yi a Zamfara a 2019. Ka ɗauki Auwalun Daudawa kaɗai ya ishe ka misali, shi ya jagoranci kwashe ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara a Disambar 2020, a Fabrairun 2021 aka nuno shi a Gusau ya miƙa bindigogi ya rantse da Alƙur'ani ya tuba, ko wata uku ba a rufa ba ya koma daji, a can aka kashe shi. Toh me kuma ake so a gani?

Kuma abin da yafi ci min rai, duk yaron da ke kallo darasin da yake ɗauka shi ne in kana so gwamnati ta san da zamanka ka ɗauki bindiga, za a kira ka a baka kujera, shi kuwa wanda aka kashe wa uba ko ta'aziyya ba mai zuwa masa.

Ka dubi Siri Lanka, kusan shekara 26 suna fama da 'yan tawayen Tamil, an yi tsagaita wuta an yi zama duk a banza, sai a Mayun 2009 da soja suka shiga suka gama dasu sannan aka huta. Ka dubi El Salbado, su ma sun taɓa sulhu da gungun 'yan daba a 2012 ya wargaje, a 2015 kisan kai ya haura mutum 100 a cikin kowane 100,000, da shugaban ƙasar Bukele ya kafa dokar ta-ɓaci a Maris 2022 ya kama mutane sama da 70,000 yanzu adadin bai kai 3 ba a cikin 100,000. In gwamnati ta so zata iya, magana ta ƙare.

Dattijo_Mai_Ritaya:

Salamu alaikum. Abu Hanan Allah ya yi maka albarka da wannan tambaya. Garkuwa ɗana na ji zafinka kuma duk abin da ka faɗa a kan Daudawa haka yake, amma ka bani aron kunnenka kaɗan, misalan nan biyu da ka kawo akwai sauran magana a cikinsu.

Siri Lanka tsibiri ce, an matse 'yan tawayen ne a ɗan zirin bakin teku ba su da inda za su gudu, kuma kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi ƙiyasin cewa fararen hula da suka mutu a watannin ƙarshen yaƙin za su iya kai 40,000. El Salbado kuwa gaba ɗayanta ba ta kai faɗin jihar Zamfara ba, mutanenta miliyan shida ne da 'yan kai, 'yan dabarsu a unguwannin birni suke da yawansu ma da zanen ƙungiya a jikinsu, kuma ita gwamnatin da kanta ta amsa cewa ta saki dubban mutanen da aka kama ba su ji ba ba su gani ba. Mu kuwa dajin Rugu da Kamuku da Kuyambana da Sububu muke magana, dazuzzukan da suka haɗe jihohi wani ma ya tsallaka har Nijar, ka koro su daga nan su ɓulla can, ga makaman da suka malalo yankin Sahel tun faɗuwar Gaddafi a 2011.

Yanzu bari in baka inda sulhu ya riƙe ka ga bambancinsa da namu. Kolombiya ta yi sama da shekara 50 tana yaƙi da ƙungiyar 'yan tawayen FARC. Daga 2002 zuwa 2010 gwamnatin Uribe ta matsa musu lamba sosai, an kashe manyan kwamandojinsu, mayaƙa da yawa suka gudu, sai da suka tabbatar ba za su taɓa cin nasara da bindiga ba sannan suka zo teburi a Habana ta ƙasar Kyuba a 2012. Shekara huɗu ana zama. Abin da aka cimma aka rubuta shi dalla-dalla, aka kai wa jama'a ƙuri'ar raba gardama a Oktoban 2016 suka ƙi shi da ɗan rinjaye kaɗan, aka koma aka gyara aka sa hannu a Nuwamba. Makamai sama da 8,000 jami'an Majalisar Ɗinkin Duniya ne suka karɓa suka ƙirga suka kulle, an kafa kotu ta musamman inda dole kwamanda ya tsaya gaban waɗanda ya zalunta ya faɗi abin da ya aikata kafin a sassauta masa hukunci, kuma kotun nan ba ta ƙyale sojan gwamnati ba, ita ce ta fito da cewa mutum 6,402 sojoji suka kashe tsakanin 2002 da 2008 suka ce 'yan tawaye ne alhali fararen hula ne. Duk da haka ma ba a ce an gama ba, wasu sun ɓalle sun koma daji, an kashe ɗaruruwan waɗanda suka ajiye makami.

Toh ka auna da namu. Wa ya ga takardar yarjejeniya? Wa ya ƙirga makaman da ke hannunsu kafin a ce sun miƙa? A kawo tsofaffin bindigogi 'yan ƙalilan a ajiye gaban kyamara, masu kyan suna daji. Wanda aka yi wa ɓarna ba ya wurin, alƙali ba ya wurin, kuma mafi muni su 'yan bindigar sun zo ne suna ganin su ke da rinjaye, gwamnati ce ke roƙo. Sannan FARC ƙungiya ce mai shugabanci ɗaya, in shugaba ya sa hannu yawancin na ƙasa za su bi, namu kuwa dabobi ne barkatai kowane kachalla da yaransa, su kansu suna kashe juna a kan shanu da yanki, ka yi sulhu da wannan gobe wancan ya afka wa garin domin shi ba a bashi komai ba.

Ko afuwar Neja Delta da marigayi Umaru Musa 'Yar'adua ya yi a 2009, wadda ake yawan kafa hujja da ita, ku tuna an bada wa'adin kwana 60 ne daga Agusta zuwa farkon Oktoba, tarayya ce ta yi ba jiha ɗaya ba, an yi rajistar mutane an tura su koyon sana'a da karatu ana biyansu alawus na naira 65,000 duk wata, kuma kafin nan sai da soja suka kai farmaki mai ƙarfi a Gbaramatu a watan Mayu. Ta kwantar da ƙura ƙwarai, amma da yake ba a taɓa tushen matsalar yadda ya kamata ba, a 2016 wasu sababbi suka taso suka ci gaba da fasa bututu.

Ni a ganina tambayar ba ta tsaya a sulhu ko wuta ba, duk biyun ana buƙata, abin da ke kashe mu shi ne bayan an yi ko wanne ba a barin hukuma a wurin. Soja su zo su kori 'yan bindiga su yi sati biyu su tafi, ba caji ofis, ba kotu, ba malamin makaranta, ba hanyar da mota za ta bi a kawo ɗauki. Mutumin ƙauye ya san wanda zai kwana da shi, dole ya yi biyayya ga mai bindigar da ba ya tafiya.

Maman_Ikram:

Baba Dattijo Allah ya ƙara girma, ka faɗi abin da ke raina. Ni abin da zan ƙara shi ne maganar yarda, dan gsky duk wani tsarin tsaro da bai samu yardar mutanen da ake cewa ana karewa ba wahala kawai ake.

Yaya Garkuwa kana cewa a shiga da wuta, toh wa wutar ke ci? A daren 3 ga Disambar 2023 jirgi mara matuƙi na soja ya saki bam kan masu Mauludi a Tudun Biri ta jihar Kaduna, hukumar bada agajin gaggawa ta ce mutum 85 aka binne, mata da yara ne da yawansu. Kafin nan a Janairun 2017 an yi irinsa a sansanin 'yan gudun hijira na Rann har da ma'aikatan agaji a cikin mamatan. Ba ina cewa da gangan aka yi ba, sojojin nan ma 'ya'yan wasu ne kuma suna mutuwa kullum saboda mu, amma in aka yi kuskure irin wannan ba a ga sakamakon bincike a fili ba, ba a ga wanda aka hukunta ba, yaya kake so ɗan wannan garin gobe ya ɗauki waya ya kira jami'i ya ce ga inda ɓarayi suke?

Kuma ko ya kira ɗin, tsoronsa shi ne kafin dare labari ya koma daji cewa wane ne ya kai rahoto, sbd infoma sun yi yawa, wani a cikin gari yake wani kuma a inda baka zata ba. Bayanan sirri fa daga bakin talaka suke fitowa, mai kiwo da mai itace da matar da ta ga an sayi burodi buhu guda an nufi daji, in basu da tabbacin za a rufa musu asiri shiru zasu yi, kuma ba laifinsu bane.

Haka matakan da ake ɗauka da yawa talakan ne ke fara ji a jikinsa. A Satumbar 2021 an katse layukan waya a Zamfara an rufe kasuwannin dabbobi an hana sayar da mai a jarka, an ce dan a matse ɓarayi, eh sun ɗan matsu amma wanda aka kawo wa hari ma ba shi da hanyar kiran agaji. A Afrilun 2022 Majalisar Dattawa ta amince da gyaran dokar da ta tanadi ɗaurin aƙalla shekara 15 ga wanda ya biya kuɗin fansa. Ni uwa ce wallahi, ka kasa tsare min ɗa, ka kasa ceto shi, sannan ka ce in na sayar da abin da na mallaka na karɓo shi ni ce mai laifi? Daga Chibok 2014 zuwa Dapchi 2018 zuwa Jangebe 2021 zuwa Kuriga 2024 salon ɗaya ne, makaranta ba isasshen tsaro, a zo da motoci ko babura a kwashi yara a shiga daji dasu tafiyar awanni ba wanda ya tare hanya. Shirin kare makarantu tun 2014 aka ƙaddamar da shi, iyaye suna da haƙƙin su tambaya ina ya kwana.

Garkuwa_01:

Hajiya ban musa miki ba, abin Tudun Biri ya girgiza kowa, Allah ya jiƙansu. Kuma Baba na karɓi gyara a kan girman ƙasa. Amma ku lura ko a misalin Kolombiyar sai da aka fara karya su tukunna. Ni abin da nake ƙi shi ne a zauna da mutum yana rataye da bindigarsa yana gindaya sharuɗɗa. A fara nuna masa ƙarfin hukuma, in ya sauko sai a yi magana.

Ɗan_Lauya:

Ina gaida dattawa. Ni ta ɓangaren doka zan shigo dan Abu Hanan ya tambayi dalilin da yasa kowace jiha da nata salon, amsar tana cikin tsarin mulkin da ya ambata. Sashe na 214 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce tak a ƙasar nan kuma ba a yarda a kafa wata ba. Sashe na 215 ya ba gwamna damar ya ba kwamishinan 'yan sandan jiharsa umarni, amma a wurin kuma aka ce kwamishinan yana iya cewa sai an kai maganar gaban shugaban ƙasa ko minista kafin ya aiwatar. Soja kuwa dama na tarayya ne. Kaga gwamnan da ake kira shugaban tsaron jiharsa ba shi da ko kurtu ɗaya da zai ce tashi ya tashi dole, abin da ke hannunsa kuɗi ne da baki, shi yasa wasu ke faɗawa sulhu tunda shi kaɗai ne abin da zasu iya yi ba tare da sun jira Abuja ba, wasu kuma su kafa nasu dakarun, Amotekun a kudu maso yamma a 2020, dakarun sa ido na Katsina a 2023, Askarawan Zamfara a farkon 2024.

Ga kuma ƙarancin hannu, 'yan sanda wajen 370,000 ne ake kiyasi ga mutum sama da miliyan 200, a cikinsu ma an daɗe ana kukan wani kaso mai tsoka yana gadin manya ne da riƙe musu jaka.

A Fabrairun 2024 shugaban ƙasa da gwamnoni sun amince a duba kafa 'yan sandan jihohi. Ni ina goyon baya amma da tsoro a raina, dan mun taɓa yi. Zamanin En'e akwai 'yan doka, sun san kowa sun san kowane lungu, ɓarawo baƙo ba ya kwana biyu ba a gane shi ba, amma su ɗin ne aka riƙa amfani dasu ana kama 'yan jam'iyyar adawa ta NEPU ana ɗaurewa a jamhuriya ta farko, wannan na cikin dalilan da suka sa bayan juyin mulkin 1966 gwamnatin soja ta narkar dasu cikin 'yan sandan tarayya. In za a dawo da abin dole a ce ba gwamna kaɗai ke naɗa shugabansu ya tsige shi ba, albashinsu ya zama doka ta ware shi, kuma a samu inda talaka zai kai ƙararsu a saurare shi. In ba haka ba jihar da ke bin ma'aikata albashin wata da watanni ka bata dubban matasa da bindiga, kai ma ka san abin da zai biyo.

Haka 'yan sa-kai, 'yan kato da gora sun taimaka matuƙa wajen fitar da Boko Haram daga cikin Maiduguri a 2013 dan sun san fuskokinsu, amma a arewa maso yamma kashe-kashen da wasu 'yan sa-kai suka riƙa yi wa Fulani a kasuwanni ba shari'a yana cikin abin da ya hura wutar ramuwar gayya har ta kai inda take yau. Mohammed Yusuf shugaban Boko Haram ma a hannun 'yan sanda ya mutu a Yulin 2009 ba a kai shi gaban alƙali ba, kowa ya ga abin da ƙungiyar ta koma bayansa.

Abu_Hanan:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, na ƙaru sosai. Barista saura abu ɗaya, kullum ana cewa tsaro ne ke cin kaso mafi tsoka a kasafin kuɗi, an sayo jiragen Super Tucano 12 daga Amurka sun iso a 2021, toh ina kuɗin ke shiga har yanzu ake jin soja na kukan kayan aiki da alawus?

Ɗan_Lauya:

Yauwa Malam Abu, nan ne gizo ke saƙar. Akwai kuɗin da ake ware wa gwamnoni da wasu manyan jami'ai da sunan tsaro wanda ba a bin diddiginsa kamar sauran kuɗin gwamnati, ba rasit ba mai binciken kuɗi, ana cewa sirri ne. Ƙungiyar yaƙi da cin hanci ta Transparency International a rahotonta na 2018 ta ƙiyasta shi a kan dala miliyan 670 duk shekara, ta ce ya fi kasafin rundunar sojan ƙasa na wannan lokacin. Ga shari'ar dala biliyan 2.1 na sayen makamai da ta taso tun 2015 aka yi ta jan ta shekara da shekaru. Sirri a harkar tsaro gaskiya ne ana buƙatarsa, ba wanda zai ce a karanta sunan mai kawo bayani a rediyo, amma ƙasashe da yawa suna da kwamitin majalisa da ke zama a asirce ya duba kowane kwabo, mu ma ba abin da ya hana.

Sai kotu. Mutum nawa ka ji an yanke wa hukunci a kan garkuwa da mutane in ka kwatanta da waɗanda ake jerawa gaban 'yan jarida duk sati? Shari'ar ɗimbin waɗanda aka tsare bisa zargin Boko Haram sai a Oktoban 2017 aka fara ta a barikin Kainji bayan wasu sun shafe shekaru a tsare, kuma ɗaruruwa aka sallama dan ba hujjar da za a riƙe su da ita. Mai laifi na fita dan ba a iya haɗa fayil ba, mara laifi na ruɓewa a ciki ya fito da ƙiyayyar hukuma. Dan haka in ɗan majalisarku ya zo neman ƙuri'a ku tambaye shi nawa aka ware wa jiharku na tsaro bara, wa ya duba yadda aka kashe shi, kuma mutum nawa kotu ta ɗaure a kan satar mutane a shekarar.